Rasuwar Buzu-buzu, Rigar Mikoron Mahaman

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda kuma ba ta da niyyar hucewa nan kusa, Mahaman mai ɗaukar sautin fim a Madarumfa yana sanar da 'yan'uwa da abokan sana'a, har da maƙiya don su ji da kyau, rasuwar abokiyar aikinsa Buzu-buzu, rigar gashin nan mai ruwan toka da ake sa wa mikoro, wato makirufo, don kada iska ta ɓata magana. Ta rasu ranar wata Talata bayan la'asar, tana bakin aikinta a gaɓar tabki. Ba jinya ta yi ba. Kashe ta aka yi, wanda ya kashe ta kuwa yana nan yana yawo cikin gari da baƙin tabarau, ko kunya babu.

Marigayiyar 'yar Yamai ce. Wani tsohon ma'aikacin rediyo ne ya damƙa ta hannun Mahaman, ya ce ya riƙe ta amana, kuma ya riƙe. Duk Juma'a sai ya kakkaɓe ta ya taje mata gashi, shi da kansa bai ga mataji ba tun ranar aurensa. Wanda bai san ta ba zai ɗauka mushen gafiya ce. Maryama ma, matar Mahaman, ta taɓa sauke mata taɓarya a bayan randa, amma baiwar Allah ta tashi ba ko ƙwarzane, ba ta kuma riƙe kowa a zuci ba.

Halinta shiru ne. Iskar tabkin nan da ke shiga mikoro tana buuu, tana fuuu, tana gwaf-gwaf kamar ana kakkaɓe tabarma, duk ita ke haɗiyewa ta bar muryar mutum tas. Ta sha zafin rana a garin Safo a bisa amalanke, ta sha hayaƙin manyan motoci a Ɗan Issa. Ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa cewa sai an sa sunanta gaba da na wani ba. A duk ma'aikatan fim ɗin ƙasar nan ita kaɗai ce ba a taɓa jin ta tana gulma ba.

Ga yadda ajali ya same ta, kuma Mahaman ya ce kada a rage ko ɗigo.

Ana ɗaukar wani fim ne na maharbi. Ɗan Baba shi ne darakta, shi ne kuma ya ba kansa jarumin, don ya duba duk Madarumfa bai ga wanda ya kai shi kyau ba. Akwai wurin da karen maharbi zai cafko zomo ya kawo wa ubangidansa. An ɗauko kare daga Safo, wani ramamme mai suna Gagare. Zomo kuwa Aliyu furodusa ya sayo tun da safe, sai ya miƙa wa mai abinci ya wuce yana waya, bai ce mata uffan ba. Ita kuma ta ga ma'aikata tun hantsi ba su karya ba, ta ce kai, yau furodusa ya tuna da Allah, ta jefa zomo a miya. Kowa ya lashe hannu. Cinyoyin nan biyu Ɗan Baba ne ya ci su, akwai shaidu.

Sai da aka kafa kamara aka ce ina zomo. Kowa ya juya ya dubi tukunyar miya.

Lokacin Mahaman ya tafi sallar la'asar, ya jingine sandar mikoro a jikin gawo, don bai taɓa zaton akwai mahalukin da zai taɓa kayan wani ba izini ba. Idon Ɗan Baba ya faɗa kan Buzu-buzu. Ya tuɓe ta daga mikoro, ya ce a kunna kamara, ya shafa mata sauran romon zomo don kare ya bi, ya wurga ta cikin ciyawa.

To, shi Gagare babu wanda ya gaya masa fim ake yi. Ya cafke ta, ya girgiza ta, ya danne da ƙafa ya yage. Kyaaat! Wannan ce kaɗai ƙarar da aka taɓa ji daga gare ta duk tsawon rayuwarta. Kafin Mahaman ya shafa addu'a, gashinta na yawo a saman ruwa.

Wayyo, da ma a ce mai laifin ya durƙusa ya ce a yafe masa! Ina! Da ya ga Mahaman tsugune yana tsintar gashi, cewa ya yi:

"Haba Mahaman, mi ya yi zahi? Tsumma ne hwa! Sa mishi safa mu ci gaba, rana na tahiya."

Safa! Kai jama'a! Mahaman ya ce ko a lahira in an tashe shi, da wannan kalma zai fara.

Abin da ya rage a ranar shi ne zuciyar fim ɗin, inda maharbi zai tsaya a gaɓa ya yi wa mutanen garinsu doguwar maganar bankwana. Hadari ya fara haɗuwa daga gabas, iska ta taso. Mahaman ya cire abin saurare daga kunnensa ya miƙa wa Ɗan Baba, ya ce:

"Darakta, saurara ka ji da kunnenka. Babu abin da ke shiga sai iska."

"Ɗauka dai," in ji shi, bai ko karɓa ba. "A gyara wurin haɗawa."

Mahaman ya ɗaga sanda ya ɗauka. Ɗan Baba ya yi maganarsa har da hawaye, 'yan kallo suka tafa. Da aka kai aikin Maradi wurin mai haɗawa, sai ga baki yana motsi, hawaye na zuba, ba abin da ake ji sai buuu, sai gwaf-gwaf. Mai haɗawa ya ce shi gyara yake yi, ba ya tayar da matattu. A sake ɗauka kuwa babu hali: ruwa ya sauka, gaɓar da aka tsaya ta koma ƙarƙashin tabki, ko'ina ya yi kore.

Marigayiyar ta bar mikoro tsirara, kullum yana cikin jaka don kunya. Ta bar sanda, ta bar doguwar waya mai ɗauri a wuri biyu, ta bar mataji da ba shi da sauran aiki. Ta bar Mahaman, wanda Maryama ta ce har yanzu in iska ta kaɗa labule sai ya zabura. Ana sanar da Gagare cewa an yafe masa duniya da lahira, aikinsa ya yi, kuma duk wurin shi kaɗai ya yi abin da aka ɗauko shi ya yi. Mai abinci ma babu komai tsakaninta da mamaciya. Aliyu furodusa kuwa ana nan ana dubawa. In ya koyi gaya wa mutane abin da ya sayo da dalilin sayensa, ya kuma riƙa ciyar da ma'aikata kafin su fara kallon kayan wasa da idon yunwa, wataƙila a sassauta.

Ɗan Baba ne babu sassauci. Don bai tsaya ga kisa ba. Tun da ya dawo daga Maradi yake bin fada-fada wurin masu shayi yana cewa Mahaman ya ɓata masa fim, wai kunnuwansa sun mutu, ba ya bambanta magana da guguwa. Maganar ta kai Ɗan Issa, inda wasu suka riga suka yi wa Mahaman alkawarin babban aiki, yanzu in ya kira sai a ce ana cikin taro. Mai sauti ba shi da gona, ba shi da kanti, sunansa da kunnensa ne abincin gidansa. Shi ya sa aka fitar da wannan sanarwa, kuma masu iya magana sun riga sun ce rama cuta ga macuci ibada ce. Masu sautin Maradi duk sun ji, sun haɗa baki babu mai ɗaga wayar Ɗan Baba. Fim ba zai fita ba sai an sake naɗar muryarsa a ɗaki an ɗora kan hoton, na'urar kuwa tana hannun Mahaman.

Za a binne abin da aka samu na marigayiyar ranar Asabar da hantsi a gindin gawon nan inda aka ɗauke ta. Ba za a yi mata salla ba, liman ya ce kada a kuskura. Ɗan Baba ne zai haƙa ramin, ya zo da fartanyarsa. Da yake kamara na kunne lokacin kisan, za a nuna wa duk mai ta'aziyya hoton a waya, har da inda ake shafa romo, mutanen Ɗan Issa kuwa an aika musu nasu tun jiya.

Zaman makoki a ɗakin kwanon Mahaman za a yi shi, daga azahar, a nan za a naɗi muryar. Ƙofa a rufe, taga a toshe, fanka a kashe, don kada wata ƙara ta shiga. Ɗan Baba zai zauna cikin bargo biyu ya maimaita maganar bankwanarsa, da kukan da komai, har sai kowace kalma ta hau kan motsin bakinsa daidai. Mahaman ne kaɗai zai ce ta hau ko ba ta hau ba. Masu zuwa gaisuwa su yi haƙuri su zo da tabarma da abin sha mai sanyi nasu na kansu, don zaman zai iya ɗaukar kwanaki. Mai makokin, kamar yadda darakta ya sanar da gari, ba ya ji sosai.