Rasuwar 'Yar Nutso

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, tare da sallamawa ga Wanda komai nasa ne, iyalan Injiniya Nasidi Haɗeja da ke unguwar Matar Ƙadim, wato Tsohon Filin Jirgi, a nan Doha suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kyamararsu ta cikin ruwa, wadda aka fi sani da 'Yar Nutso. Ta cika ranar Asabar ɗin da ta gabata da hantsi, a ƙarƙashin teku, gabas da garin Wakra, a hannun maigidanta. Ba ta yi doguwar jinya ba. Mai karanta wannan sanarwa yana murmushi ya yi abinsa, ba a hana shi ba, amma ya daure ya kai ƙarshe.

Marigayiyar ta shigo gidan Nasidi tun farkon zuwansa ƙasar nan aikin iskar gas. Baƙa ce, gajera, mai ido ɗaya, tana zaune cikin akwatin gilashi mai fitilu biyu kamar ƙahonin sa. An shaide ta da haƙuri. Takan tsaya a bakin ramin dutse tana jiran kifi ya leƙo har iskar tukunyar da ke bayan Nasidi ta kusa ƙarewa, ba ta taɓa cewa a tafi ba. Maganarta ba ta wuce biyu: "ƙyas" idan ta ga abin da ya yi mata, "tit-tit" idan yunwar caji ta kama ta. Ta yi ido biyu da kunkurun teku, ta ɗauko kifaye masu zane kamar atamfar salla, kuma ba ta taɓa ƙara wa abin da ta gani gishiri ba. Uwargida Ruƙayya ta shaida cewa duk ranar da aka dawo daga teku, sai an wanke marigayiyar da ruwan daɗi an tsane ta tas kafin maigida ya tuna shi ma yana da jiki.

Amma ba don kifi ake wannan makoki ba. Mutanen Haɗeja da ke nan sun san Nasidi yana da wa, Umar Faruq, wanda kogi ya tafi da shi wata damina suna samari. Ba a ga gawarsa ba. Mahaifiyarsu, Hajiya Khadijatu, ta yi shekaru ba ta kallon gada idan mota za ta haye. Abin da ya fi cin ranta, kamar yadda ta sha faɗa, ba mutuwar ba ce, kowa zai mutu. Duhun ne. Tana ganin ɗanta kwance cikin laka da baƙin ruwa, inda ko hasken rana ba ya kai wa.

To, uwa irin wannan ce aka je aka tsegunta wa cewa ɗan da ya rage mata yana goya tukunyar iska yana shiga ƙarƙashin teku da ƙafarsa, wai don nishaɗi. Ta daina ɗaga wayarsa. Da ya je gida hutu bai tsaya ba da haƙuri da baki ba, ya san ba zai ci ba. Ya zauna a gefen tabarmarta ya buɗe mata aikin 'Yar Nutso. Hajiya ta san murjani, amma na wuya, wanda ake shiryawa a zare. Ba ta taɓa jin cewa tsiro yake yi ba. Sai ga shi a gabanta reshe-reshe, wani ruwan ƙasa, wani shanshanbale, wani ruwan ɗorawa, ƙananan kifaye na shige da fice, hasken rana na zubowa daga sama har ƙasa. Ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya. Can ta sa yatsa a kan hoton wani curin murjani mai faɗi kamar rumfa.

"Ashe da haske a can," ta ce. "Ashe Umar ba cikin duhu yake ba."

Nasidi injiniya ne. Ya san kogin Haɗeja bai san hanyar tekun nan ba, iyakarsa Tafkin Chadi. Ya haɗiye iliminsa, kuma a ganinmu wannan ne karatu mafi amfani da ya taɓa yi. Daga ranar sunan wurin ya koma Lambun Umar. Hajiya ta yafe masa nutso bisa sharaɗi biyu: duk shekara ya kawo mata sabon hoton lambun, kuma kada ya kuskura ya shiga ruwa bai shafa man kaɗen da take yi wa tofi tana aiko masa ba. Bai taɓa saɓa ko ɗaya ba.

A bana idanun Hajiya suka fara dushewa, likitoci suka ce ba mai gyaruwa ba ne. Ta kira shi ta ce kada ya jira hutu, ya turo mata na bana tun tana iya rarrabe launi. Ana tsakiyar zafin Agusta, lokacin da masu hankali ke barin teku ta huta. Abokin nutsonsa, Dakta Shamsu, ya ce a jira iska ta sauya. Nasidi ya ce idon Hajiya ba ya jiran iska.

Ga yadda ajali ya zo. Murfin akwatin 'Yar Nutso yana da zoben roba siriri, shi ne katanga tsakaninta da teku. Ƙa'idar Nasidi ita ce ya rufe akwatin tun a gida, a kan tebur, da hannu wankakke, ya duba zoben a gaban fitila kamar mai tsince shinkafa, sai an hau jirgi sannan ya shafa man Hajiya. Ranar nan ya riga ya shafe hannu da fuska da gemu, sai marigayiyar ta ce "tit-tit". Ga mai jirgi yana ta "yalla, yalla", wato a yi sauri, ga rana tana dukan ƙeya. Ya buɗe akwatin a nan kan jirgi, ya sauya batir da yatsu masu maiƙo, ya rufe, suka faɗa ruwa.

Ruwan da ɗumi kamar na wankan jego. Suka gangara har inda ya saba, ya dudduba, ya ɗauka ɓatan kai ya yi. Rumfar tana nan, rassan suna nan, amma komai ya yi fari fat kamar ƙashin da ya shekara a rana, gansakuka har ta fara hawa ta gindi. Kifayen sun watse. Murjani abu ne mai rai, zafi idan ya wuce kima yakan zubar da launinsa, in ya daɗe kuma ya mutu a tsaye. Dakta Shamsu ya ce ya ga Nasidi ya durƙusa a kan yashi ya daɗe bai motsa ba, sai kumfar numfashinsa kawai ke tashi. Daga baya ya ɗaga 'Yar Nutso, don alkawari kaya ne. Kafin yatsansa ya kai ga maɓalli sai ya ga ruwa yana rawa a cikin gilashinta. Fitilunta suka yi ƙyaf suka mutu. Ba ta ce "ƙyas" ba. Ta kalli Lambun Umar da idonta ɗaya, ta tafi ba ta ɗauka ba.

An garzaya da ita wurin wani mai gyara a unguwar Najma. Ya buɗe, ya ga gishiri ya riga ya ci cikinta, ya ce, "Khalas," wato ta ƙare. Sannan ya sa hantsaki ya zaro abin da ya kashe ta daga kan zoben roba: silin gashin gemu guda, fari, manne da man kaɗe. Nasidi ya karɓa ya riƙe a tafin hannu. Bai zargi man ba, bai zargi kowa ba. Wanda ya rubuta wannan sanarwa yana tsaye a wurin, kuma ya rantse bai taɓa ganin baƙin ciki da sauƙin rai sun haɗu a fuska ɗaya kamar ranar ba.

Da yamma Hajiya ta kira.

"Nasidi, ina hoton?"

"Hajiya, kyamarar ce ta mutu. Ruwa ya shige ta."

"Inna lillahi. Kai dai lafiyarka ƙalau? Ka shafa man?"

"Na shafa, Hajiya."

"To, alhamdu lillahi. Allah Ya ba ka wadda ta fi ta. Ka dai hanzarta, ɗan nan. Lambun ba inda za shi, idanun ne ba su da tabbas."

Ya ce to. Ruƙayya ta ce bayan ya ajiye wayar ya shiga banɗaki ya saki famfo, ya jima bai fito ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar fitilu biyu da ba su da sauran wanda za su haska wa, da caja, da jakar da har yanzu ke warin teku. Ta bar hotuna masu yawa, mafi soyuwa cikinsu na bara, wanda ke rataye a ɗakin Hajiya a Haɗeja, daidai inda take fuskanta idan ta idar da salla ta juyo.

Malam Mumin, malaminmu na nan, ya ja kunne cewa ba a yi wa ƙarfe salla, kuma an ji. Za a naɗe ta cikin tsohuwar rigar nutson maigidanta a ajiye a saman kabad ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Za a karɓi gaisuwa a gida har zuwa magariba, akwai shayi da dabino. Hajiya takan kira bayan la'asar, saboda haka ana roƙon masu zuwa ta'aziyya, musamman masu baki a buɗe irin su Ɗantala, kada wanda ya ambaci zafin ruwa ko farin murjani.

Roƙo na ƙarshe. An ji wasu abokan arziki suna shirin kawo wa Nasidi sabuwar kyamara don su share masa hawaye. Allah Ya saka da alheri, amma don girman Allah a bari. Muddin ba shi da kyamara, bai yi wa mahaifiyarsa ƙarya ba.

Sanarwa daga Ɗayyabu, amini, a madadin iyalai.