Gawon Malam da Na Ce a Sare

Abubuwa da yawa na zamana a Azare sun fara gushe mini, amma ranar da na je Katagum gaishe da mahaifin Asma'u, ita kam ba zan manta da ita ba ko da na so.

Lokacin sabon ma'aikacin gandun daji ne ni, shekarata ɗaya da kama aiki. A Ibadan aka haife ni, can na girma na yi karatu, duk itatuwan da na sani na kurmi ne. Amma fa kai ya kumbura. Ina da wani littafin cututtukan itatuwa mai hotuna, kullum yana cikin jakata (har gidan suna na taɓa zuwa da shi). Asma'u malamar firamare ce, mun haɗu ranar da na kai wa makarantarsu dashen darbejiya. Ita ta amince da ni, saura Malam, mahaifinta. Ta ja mini kunne: "Baba ba ya son mai surutu. Ka gaishe shi, ka yi shiru, shi ke nan."

Ina ma na ji maganarta!

Tsakiyar damina muka hau babur ni da abokin aikina Bulus, mutumin Tafawa Ɓalewa da ya daɗe a yankin. Muka tarar da Malam a ƙofar gida kan tabarma tare da wasu dattawa uku. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe su. Komai lafiya lau. Sai idona ya sauka kan wani ƙaton gawo a gefen gidan. Ko'ina kore shar, gero ya kai kafaɗa, amma shi ko ganye ɗaya babu, sai rassa da ƙaya. Zuciyata ta ce, to ga damarka, nuna musu 'yarsu ba jahili ta kawo ba.

Na ce, "Malam, a gafarce ni, wannan itacen naku ya kamu."

Ya ɗago kai a hankali. "Ya kamu da me?"

Ai kuwa na zaro littafi. Na yi bayanin ruɓewar saiwa, yadda ciwon ke farawa a ƙasa ya hau sama har ganye ya zube. Bulus yana ta zungurina da gwiwar hannu (ni a zatona cewa yake in ƙara wuta). Na ce shawarata a sare shi cikin makon nan kafin ya harbi mangwaron da ke kusa. Har da nunawa da yatsa: "Ku dubi wannan mai lafiya, ga ganye cunkus a wancan reshen, har da jajayen furanni."

Wani dattijo ya faɗi wata magana da Fillanci, sauran biyun suka rufe baki da hannun riga.

Malam ya ce, "Ɗana, wannan gawon mahaifina ya tarar da shi a nan. Kowace damina haka yake tuɓe ganyensa ya bar wa gero rana. Rani na yi ya ba mu inuwa, ya ciyar da awaki. Ko ba a rubuta muku a littafin ba?"

Bai bar ni a nan ba. Ya miƙe ya kama hannuna har gindin mangwaron. "Cunkuson nan da ka yaba kuwa kauci ne. Tsuntsaye ke kawo shi, ya liƙe a reshe yana tsotse itacen. Gobe ma nake so a datse reshen daga ƙasan inda ya kama, kafin ya yi 'ya'ya ya bazu."

Wato na yanke wa mai lafiya hukuncin kisa, na sallami marar lafiya. Sai ga dariyar mata daga bayan katanga, kuma na gane muryar Asma'u a ciki. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tura littafin cikin jaka, na saddaƙar na rasa Asma'u.

Mun yi sallama har na ɗora ƙafa kan babur, sai Malam ya kira ni. "Likita! In marar lafiyarka ya farfaɗo, ka turo magabatanka."

Bulus bai daina dariya ba har muka shiga Azare, sau biyu muka kusa faɗawa rami.

Daga nan duk Asabar sai in ƙirƙiro aiki a Katagum. Ba na ƙarasawa gidan, kunya ba za ta bar ni ba. Daga nesa nake tsayawa in ƙura wa rassan gawon nan ido, in juya jiki a sanyaye. Ban taɓa jiran wani abu da zumuɗi irin ganyen itacen nan ba. Sai da aka gama girbin gero na hango kore-kore a samansa, na bar babur a kunne na tsaya ina hamdala kamar wani zautacce.

An ɗaura aure cikin ranin nan, a inuwarsa. Kuma har Malam ya bar duniya bai taɓa kirana da sunana ba, Likita ne dai, ko a gaban wa. Shi ya koya mini zuba toka a gindin dashe saboda gara, da gasa bakin adda a wuta kafin a tashi daga itace mai ciwo zuwa wani.

Yau mun yi nisa da Katagum, yaranmu ba su san ƙanshin furen gawo ba. In aka kira ni duba itace, kafin in buɗe baki sai na tambayi mai gidan, "Da ma haka yake yi?" Na koyi wannan kam, da tsada. Sai dai ina kewar tsohon nan matuƙa. Da zai dawo ya sake kunyata ni a gaban dattawa, da gudu zan je in durƙusa.