Tanimu Dakta da Lemon Sunan Gidan Mudi

Duk Malumfashi babu wanda bai san Tanimu Dakta ba. Ba likita ba ne, ko allura bai taɓa riƙewa ba. Gadin wani kemis ya yi na wata takwas, shi ke nan ya sayi farin gilashi ya ɗora a karan hanci, ya zama Dakta. Ka ce masa kanka na ciwo, sai ya ce hantarka ce ta juya.

To, ana nan sai ya ji wani shiri a rediyo kan sinadarin zaƙi da ake sa wa lemon kwalba a madadin sukari, wanda mutane ke kira suwita. Likitan rediyon cewa ya yi a rage sha, a riƙa duba abin da aka rubuta a jikin kwalba. Kafin maganar ta iso majalisa a bakin Tanimu, ta yi ƙafa ta yi fiffike.

“Ni fa shekarata uku rabona da lemo!” in ji shi, yana dukan ƙirji. “Ko ƙamshinsa na ji sai na wanke hanci.”

Ranar sunan ɗan Mudi Tela aka cika maƙil a ƙofar gida. Ɗan fari ne, surukan Mudi sun zo tun daga Bakori, shi kuwa bawan Allah ya yi bajinta: rumfa, lasifika, da kiret biyu na lemo a cikin ƙanƙara. Rana ta take, zafi kamar a gasa gurasa. Tanimu ya hango kwalaben nan suna naso, maƙogwaronsa ya yi ƙut. Ya ƙirga mutane, ya ga in aka raba, da ƙyar ɗaya ta iso gare shi.

Sai ya miƙe.

“Haba Mudi! Suna ka tara mu ko jana’iza? Wannan ai suwita ce zalla! Kurɓi ɗaya, hanji ya tsinke kamar tsohon zare!”

Hannuwan da suka miƙa suka koma. Surukin Mudi da ya riga ya kai kwalba baki ya ajiye ta a hankali yana salati. Mudi ya yi tsuru-tsuru, gumi na bin wuyansa.

“To Dakta, yanzu yaya za a yi?”

“Bar ni da su. Rami zan zuba su a kangon baya, kada ko akuya ta lasa. Kada kowa ya biyo ni, tururin ma illa ne.”

Baba Jatau, wani dattijo mai ciwon suga da ya daɗe da barin lemo a kan umarnin likitan gaske, ya bi shi da ido kawai yana taunar goro.

Tanimu ya kinkimi kiret ɗaya, ya dawo ya kinkimi ɗayan. Yana shiga kango ya tuɓe hula. Fus! Ya ɓalle marfi da haƙori. Ƙwat, ƙwat, ƙwat! Ta ɗaya ta tafi ko tasha ba ta yi ba. Ta biyu ta bi sawu. Kura ta samu mahauta babu mai gadi. Sai da ya shanye bakwai, ciki ya yi tim kamar ganga, sannan ya rufe sauran da tsohon buhu, ya zura biyu a aljihun babbar riga saboda hanya.

Yana dawowa aka tarbe shi kamar wanda ya kashe zaki. Surukin Mudi ya ce lallai a ba Dakta lasifika ya ƙara wa jama’a ilimi. Tanimu ya so ya kauce, don cikinsa ya fara ƙugi, amma ina! Mai son girma ba ya ƙin kujera. Ya karɓa, ya gyara gilashi.

“Jama’a, wannan guba da na ceto ku daga...”

GAAARRR!

Gyatsa ce. Lasifika ta ɗauke ta ta watsa har cikin gida, mata suka leƙo, jariri ya tsala ihu. Waɗanda ke gaba suka ji ƙamshin lemo ya bugi fuskarsu.

“Dakta, ya na ga harshenka ruwan goro?” in ji Baba Jatau.

“Tururin ne ya kama ni!”

Ya ja da baya, ya taka bakin rigarsa. Kwal-kwal! Kwalabe biyu suka faɗo, suka gangara har gaban surukin Mudi suka tsaya.

Mudi ya dubi kwalaben, ya dubi Tanimu.

“Su kuma waɗannan fa?”

“Na... na gwaji ne. Kaduna zan kai a auna.”

GAAARRR!

Baba Jatau ya tofar da tuƙar goro, ya ce, “Hutar da kanka tafiya, Dakta. Ga sakamakon nan muna ji a lasifika.”