Kakata ta Kagoma

Ranar na shiga ajin jami'a da sabuwar kwat, domin darasin da nake taƙama da shi zan koyar: gaskiya a aikin kwamfuta. Na yi rabin awa ina ja wa ɗalibai kunne cewa duk wanda AI ta yi wa rubutu, ya fito fili ya faɗa. Har tebur na buga.

Sai na ce bari in nuna musu yadda mai mutunci yake amfani da ita. Na haɗa kwamfutata da majigi, na tsaya ina goge tabarau. Ashe hirata ta ƙarshe da AI ɗin ce ta fito ɓaro-ɓaro a bango, ga abin da na rubuta mata: "Ƙirƙiro mini labari mai taɓa zuciya na wata kaka mai noman doya a Kagoma, zan sa a wa'azi."

Ni dattijo ne a cocinmu a nan Kafanchan, kuma ranar Lahadin da ta wuce na ba da labarin nan a matsayin na kakata. Sai da zumuntar mata suka share hawaye.

Can ɗalibata Rifkatu, wadda ke cikin mawaƙan cocin, ta ɗaga hannu a hankali.

"Baba, kakar da ta sa mamata kuka ke nan?"

Na ce mu koma kan darasi.

Har yau, duk ranar da netwok ya ɗauke, sai wani ya leƙo ofishina cikin ladabi: "Malam, Kaka ta tafi gona ne?" Fasto ma yakan ce in gaishe ta.