Wa Ya Ci Ƙwallon Ƙarshe?

Ko da zan manta shekarar da aka haife ni (dama can ban tabbatar da ita ba), ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka buga wasa da 'yan Ƙiru ba.

Ni tela ne a Tudun Wada, amma shekara goma sha wani abu ke nan ni ke riƙe da jakar maganin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu. Babu wanda ya naɗa ni. Gani na yi yara suna targaɗe, suna gurjewa, babu mai kula, sai na ɗinka jaka da ragowar yadi, na zuba bandeji da man zafi da almakashi. 'Yan wasan suna ce mini Baba Dokta, kuma na sani sarai rabin sunan tsokana ne. Karatuna a firamare ya tsaya.

To, bara sai ga wata likita ta zo daga jami'a, Dakta Hajara, tana bincike kan raunukan da 'yan ƙwallon karkara ke ji. Ta zaga Bebeji da Doguwa kafin ta iso wurinmu. Kocinmu, Malam Iro, shi ya gaya mini cewa za ta ɗauki mutum ɗaya daga kowace ƙungiya, a ba shi horo na mako guda a Kano, ya dawo shi ne mai kula da 'yan wasa. Ya ƙara da cewa, yana kallon gefe, tunda abin akwai rubuce-rubuce, wataƙila gara a tura wanda ya gama sakandare. Na koma kan ɗinkina. Amma ranar hannun riga biyu na ɗinka a bai-bai, kuma kafin la'asar na riga na yanke wa raina cewa jakar nan ba za ta bar kafaɗata ba.

Likita ta tara mu a ƙarƙashin darbejiya ta yi mana bayani. Ta ce targaɗe da karaya kowa yana ganinsu, wanda ya fi ba ta tsoro shi ne buguwar kai. Ƙwaƙwalwa tana iya girgiza a cikin kai, yaro ya miƙe ya ce lafiyarsa ƙalau, alhali bai san inda yake ba. Ta koya mana tambayoyi biyar da za a yi masa nan take: ina muke wasa, zagaye na nawa ake ciki, wa ya ci ƙwallon ƙarshe, da wa muka buga makon jiya, kuma mun ci ko an ci mu. In ya kasa amsa ɗaya, a fitar da shi. In ma ya amsa duka amma ya ga jiri, ba ya komawa fili a ranar.

Ni da nake zuba musu ruwan leda a ka in ce su tashi su ci gaba, ashe shekara da shekaru ganganci nake yi da 'ya'yan mutane. Na zauna ina lissafo su ɗaya bayan ɗaya, har na je gidan wani da ya bar ƙwallo tuntuni don in ga ko yana magana daidai. (Yana yi. Shi ne ma ya tambaye ni ko ni lafiya.)

Ta ce ranar Asabar za ta zo kallon wasanmu ta ga yadda kowa ke aiki, sannan ta zaɓa. Na rubuta tambayoyin a jikin kwalin wuyan riga, na shiga hadda. Ina taka keken ɗinki ina karantawa. Wanda ya zo awo sai na tambaye shi da wa muka buga makon jiya. A gida kuwa uwargida ta jure kwana biyu, a na uku ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, in ka sake tambayata ina muke, zan tafi gidanmu, sai ka ga na san hanya."

Akwai abin da ya kamata in faɗa kafin in kai ga wasan. Mai lamba tara a ƙungiyarmu ɗana ne na fari, kuma sunan mahaifina ya ci. Mahaifiyata Bafulatana ce daga wajen Burumburum, a hannunta na tashi, kuma a gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari. Shekararsa ashirin da ɗaya, bakina bai taɓa furta sunansa ba. In ina nemansa sai in ce "kai", in ina zancensa in ce "wancan". Ko ya ci ƙwallo ba na tafi. Sunkuyawa nake yi in gyara bandeji a cikin jaka.

Asabar ta zo, fili ya cika. Likita tana zaune a benci da littafinta. An dawo hutun rabin lokaci ba a jima ba, wancan ya zura ƙwallo da ka, na sunkuya na gyara bandejina. Can kuma sai na hango wani mai tsaron bayan Ƙiru ya durƙusa kusa da ragarsu, kansa a ƙasa. Zuciyata ta ce ga ranarka. Ban jira alƙalin wasa ya kira ni ba. Na saɓa jaka, na zaro kwalina, na sheƙa da gudu ina bitar tambayoyin don kada in rikita jerinsu. Idona yana kan tambaya ta huɗu lokacin da goshina ya haɗu da ƙarfen raga.

An ce ƙarar har masu rake a bakin titi sun ji ta. Abin da ni na sani, na buɗe ido na gan ni a zaune a ƙasa, hulata can, takalmina ɗaya can, mutane sun yi mini rumfa. Yaron da na taho ceto yana tsaye a kaina yana yi mini sannu. Ashe igiyar takalminsa yake ɗaurewa.

Likita ta tsuguna a gabana, ta ce a matsa a ba ni iska. Ta duba idona, sannan ta ce, "Baba, ina muke yanzu?"

Na san amsar. Amma ni mutum ne mai gudun faɗin abin da ba daidai ba, don haka na ce filin firamare ne, sai dai wasu na ce masa filin idi, domin asalinsa kafin a ja katanga... Ta ɗaga hannu ta tsayar da ni. Ta tambayi zagaye na nawa ake ciki, na ce na biyu, in dai ban daɗe a kwance ba. Na ga ta ɗan kalli Malam Iro.

"To Baba, wa ya ci ƙwallon ƙarshe?"

Na ɗaga ido. Ga shi nan tsaye a bayanta yana haki, ga rabin Tudun Wada sun zuba mini ido. Na ce, "Wancan."

"Wanne? Faɗa mini sunansa."

"Yaron nan dai."

"Ka san shi?"

Na ce ina ganinsa a unguwa.

Ta ciro biro ta yi rubutu, ta juya ta gaya wa Malam Iro a hankali cewa bugun ya taɓa ni sosai, na kasa tuna sunan ɗan wasan da nake tare da shi kullum, a nemo babur a kai ni asibiti. Ina ji ina gani horon Kano yana sulalewa, ga kuma tunanin gobe a kasuwa za a ce kan tela ya taɓu, wa zai sake kawo mini ɗinki? Duk da haka sunan ya ƙi fita.

Malam Iro ne ya fara, dariya ta ci ƙarfinsa har ya dafa ƙarfen da ya buge ni. Da ƙyar ya ce, "Likita, ɗansa ne na fari. Ko da ƙarafa goma ya yi karo ba za ki ji sunan nan a bakinsa ba." Fili ya ɗauka gaba ɗaya, har 'yan Ƙiru. Wani daga baya ya ce a tambaye ni ko ina ganin uwar yaron ma a unguwa.

Likita ta rufe baki da littafinta, ta ba ni haƙuri, ta ce ita ma kakarta haka take yi, amma bai taɓa zuwa mata a rai cewa tambayar za ta ci karo da wannan ba. Sai ta ce in faɗi lambar rigarsa. Na ce tara. Sauran biyun na amsa su tun kafin ta rufe baki.

Malam Iro ya miƙo mini jakata ya ce to Baba Dokta, a koma bakin aiki. Wallahi na so in karɓa, domin sauran minti ashirin, kuma ban nuna wa Likita komai ba sai yadda ake faɗuwa. Amma da na miƙe ƙasa ta ɗan juya mini. Na ce masa ya riƙe jakar, na ga jiri, kuma wanda ya ga jiri ba ya komawa fili a ranar. Ya ce ai 'yan wasa ake nufi. Na ce Likita buguwar kai ta ce, ba ta ce kan wa ba. Na ɗauki takalmina na je na zauna a benci, goshina ya yi tulu, yara suna leƙe.

Bayan an tashi, wancan ne ya goya ni a babur zuwa asibiti. Muna tafe ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Baba, wai wa ya ci ƙwallon nan?" Na ce ya kalli gabansa.

Kwana huɗu bayan haka Malam Iro ya zo shago ya ce sunana ne a takardar Kano. Likita ta ce a duk ƙungiyoyin da ta zaga, ni kaɗai ta ga na fitar da mutum daga fili a kan jiri, ko da yake mutumin ni ne. Ta kuma gyara tambayarta, yanzu suna ko lamba duk an karɓa.

Na je horon, na dawo, jaka tana kafaɗata. Abin da na ƙaru da shi kuwa ba ya cikin abin da aka koya mana a Kano: kafin ka ruga ka tambayi mutum ko ya san inda yake, ɗaga kai ka ga inda kai ka dosa.