Roba-robar Baba Da Ta Ƙi Gudu

Ko na manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar da na tashi gyara wa Baba babur ba.

Ni mai zaman ƙofar gida ne, ina ɗinkin hula. Karatuna bai yi nisa ba, amma Allah ya ba ni kunne. Babur na tahowa ta bayan masallaci zan gaya maka na wane ne. (Ban taɓa riƙe sifana ba fa, kunnen ne kawai.)

To, bara da damina tsohon babur ɗin Baba, wani ƙato mai nauyin tsiya, ya kayar da shi a yashin burtali ya danne masa ƙafa, sai da masu dawowa daga gona suka ɗaga masa. Ƙannena suka ce ya daina hawa. Baba ya ce in za a hana shi kasuwar Ɗanbatta da zumunci, gara a haƙa masa kabari. Aka daidaita a kan ƙaramar nan mara nauyi, roba-roba. Inna ta kafa sharaɗi: a kwantar da ita a ƙasa, wadda Baba ya ɗaga da kansa ba nishi, ita ce tasa. Aka gwada guda uku, ta ukun ya ɗaga. Amma ya rantse in ba ta yi masa ba zai koma wa ƙatonsa, wanda ke jingine a zaure.

Ba a yi mako ba kunnena ya jiyo matsala. In Baba ya murɗa totur sai injin ya ɗauko kuka ya tsaya a rabi, kamar an shaƙe shi. Har masu keke wuce shi suke yi. Na bi majalisa ina shelar an cuce mu. Wata Juma'a bayan an sauko, na kwance mata kafireto, inda mai ke bi ya shiga inji, da wuƙar yanka albasa, na baje a tabarma, jama'a sun kewaye ni ina ta bayani. Da na zo mayarwa ƙananan ƙarafa uku suka rage a hannuna, roba-roba kuwa ko tari ta ƙi yi.

A amalanken shanu muka kai ta wurin Malam Sabo bakanike, ni da Baba. Ya haɗa, ta tashi, ya ce shi ke nan. Na ce gudun fa? Sai ya hau ƙifta mini ido (ni na ɗauka ƙwaro ne ya faɗa masa). Na ɗaga murya a gaban masu jiran gyara, na ce in aikin ya fi ƙarfinsa ya faɗa. Nan fa ya hasala.

"Lafiyarta lau! Ni na ɗaura mata ƙusa a totur don kada ta wuce haka. Inna ce ta sa, duk ƙannenka sun sani. Ta ce kowa ya ji ban da kai, don bakinka ba ya ajiya."

Garejin ya kwashe da dariya. Ni kuwa na ce shi ke nan, yau Baba zai fito da ƙaton nan, kuma ni na jawo.

Baba ya gyara hula, ya ce, "Shekara arba'in ina hawa, tun ranar da na fara hawan wannan hannuna ya ji ƙusar. Sabo, bar ta a wurinta. Tunda aka sa ta, in na fita matar nan tana iya cin abinci." Ya juyo gare ni. "Kai kuma, in uwarka ta ji na sani, daga bakinka ne."

Ya goya ni muka koma gida a hankali, har wani mai jaki ya tambaye mu ko mai ne ya ƙare.

Tun ranar na gane, in ka ga abu yana tafiya sannu a gidan tsofaffi, fara tambayar wanda ya rage masa gudu kafin ka taɓa. Sirrin kuwa ina riƙe da shi gam, ban gaya wa kowa ba sai ku. Inna dai ba ta karatu, don Allah kada wani ya karanta mata.