Injiniya Manhaja-ta-ce da Ɗakin Innarsa

In ana maganar zafi da sanyin gini, mutum ɗaya ake yi wa tsit a saurara a garin nan, shi ne Oganmu, Injiniya Manhaja-ta-ce. Sauran bayin Allah da fatar jikinsu suke gane ana zafi. Shi ya wuce wannan matakin tuntuni. Sai ka gan shi gumi na ɗiga ta haɓa, kwalar riga ta jiƙe sharkaf, ka ce masa yau garin da zafi, ya ɗaga maka yatsa ɗaya, ya juya kujera ya duba kwamfuta tukuna. In ta ce akwai zafi, to akwai. In ta ce babu, sai ka je a duba lafiyarka.

Ga wanda bai san aikin ba, abin ba wuya. Kafin a aza bulo ko ɗaya, ana zana ginin a cikin wata manhaja, a faɗa mata kaurin bango, da irin kwanon rufi, da faɗin taga, da mutum nawa za su zauna ciki. Ita kuma ta lissafo zafin kowane ɗaki awa bayan awa har shekara guda, da wutar lantarkin da ginin zai sha. Aiki ne mai amfani, kuma tsakani da Allah manhajar ba ta taɓa cewa ta san komai ba. Mu ne muka ɗora mata wannan. Mu huɗu ne a ƙarƙashin Oga, kowa da takardar jami'arsa a jaka, kuma babban aikinmu gyaɗa kai. Mu muka raɗa masa sunan nan a bayan idonsa, mu ne kuma in mun koma gida muke ce wa matanmu manhaja ta ce a rufe labule.

Abin da ya fito da sunansa shi ne ginin da ba ya buƙatar na'urar sanyaya ɗaki. Duk taron da aka ba shi makirufo sai ya gyara tabarau ya ce, "Jama'a, na'urar sanyaya ɗaki shaida ce cewa injiniya ya gaza. Ni ba na sanyaya gini. Ina hana shi ya yi zafi tun yana kan takarda."

Abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai. Tun rasuwar mahaifinsu, Innarsa tana zaune a gidan ƙanensa, kafinta, ɗaki biyu da jikoki biyar. Duk lokacin da aka tambaye shi ina tsohuwa, ya ce tana gidan ƙanensa, sai ya ji kamar an rage masa tsawo. Yaya za a ce uwar masanin gini tana kwana a ginin da ba a taɓa lissafa shi ba? Ya yi ta zarya yana lallashi har ta yarda, ya gina mata ɗaki a yammacin gidansa, dab da wata tsohuwar bishiyar mangwaro da ya tarar a filin tun ranar da ya saya. Farin fenti a rufi, gilashi mai ruɓi biyu, soson tare zafi a cikin silin, babu abin da ya rage. Inna ta tare, ta ce ɗaki ya yi, ta sa masa albarka. Da la'asar takan fito da kujerarta gindin mangwaron ta zauna tana gyaran farce, tana yi wa duk wanda ya gifta faɗa cikin jin daɗi.

Da a nan aka tsaya da an zauna lafiya. Sai Oga ya liƙa ma'aunin zafi a bangon ɗakin, domin akwai babban taron injiniyoyi a gaba, yana so ya nuna musu cewa abin da manhaja ta faɗa shi ke faruwa a zahiri. Manhaja ta ce a tsakiyar lokacin zafi, da ƙarfe huɗu na yamma, ɗakin zai kai digiri talatin da biyu. Ma'auni ya ce ashirin da tara. Wani zai ce alhamdu lillahi, an samu sanyin da ba a saya ba. Oga kuwa abinci ya daina shiga. A allonsa layi biyu ne, ja na manhaja, shuɗi na ma'auni, kuma sun ƙi haɗuwa ko sau ɗaya. Ya canza ma'auni sau uku. Ya sa mu muka sake lissafa kaurin bango. Sati uku ofis ba mai dariya, ana neman inda kuskuren digiri uku ya ɓuya.

Wata rana muka je gidan da kanmu, mu huɗu da shi, muka tsaya a inuwar mangwaron muna shan iska muna mamakin abin da ke sanyaya ɗakin nan. Sai ɗaya daga cikinmu ya ɗaga kai sama. Ba zan faɗi ko wane ne ba, illa dai hannunsa ne ke rubuta wannan labarin, kuma har yau bai gama jin kunya ba. Ya ce, Oga, anya ba bishiyar nan ba ce? Ita manhajar wancan lokacin bango ta sani da rufi da taga. A duniyarta ba a riga an halicci bishiya ba.

Oga ya kalli mangwaron irin kallon da ake wa ɓarawon da aka daɗe ana nema. "Ashe ke ce," in ji shi. Sannan ya juyo gare mu: "Abin da ba ya cikin lissafi, ba shi da hurumin shiga sakamako. Wannan ba inuwa ba ce, katsalandan ne."

Muka gyaɗa kai, mu huɗun.

Inna ta ce a bar mata bishiyarta. Ya yi mata bayanin minti ashirin, ta ce ta ji, amma dai a bar ta. Ya kira ƙanensa tunda shi ke da zarto, kafinta ya ce, "Yaya, ni katako nake saye a kasuwa, ba na sare inuwar uwata." Sai Oga ya jira ranar da aka kai Inna asibiti duba gwiwa, ya ɗauko masu injin yanka. Da ta dawo ta tarar da sarari fayau da kututture. Ta tsaya ta kalle shi, ta ɗauki kujerarta ta shige ɗaki.

Cikin kwana biyu ma'auni ya hau talatin da biyu cif. Layin ja da shuɗi suka kwanta a kan juna. Oga baki har kunne, ya sayo mana lemo, kowa kwalba biyu. A taron injiniyoyi aka tafa masa a tsaye, mu ne muka fara miƙewa.

A gida kuwa bangon yamma in ka dafa shi da la'asar sai ka janye hannu. Fanka ta koma kaɗa iska mai zafi. Ƙuraje suka feso wa Inna a wuya da gadon baya, ta kwashe shimfiɗarta ta koma lungun ƙofar banɗaki, inda siminti ke da ɗan sanyi. Matar Oga ta ce a sa na'urar sanyaya ɗaki mana a huta. Ya ce sai dai bayan ransa, me zai ce wa duniya? Ita ma Inna ta ce kada a soma, wannan sanyin na'urar, gwiwarta yake kamawa. Sai ya ɗauko kwamfuta ya durƙusa gabanta, ya nuna mata cewa bisa lissafi, in mutum ɗari suka zauna a ɗakin nan da fanka, casa'in za su ce sun gamsu, goma ne kacal za su yi ƙorafi.

"To ni ce goman," in ji Inna. "In wata ya ƙare ban ga sauyi ba, zan koma inda na fito."

Maganar ta dake shi, kada ma a yi masa ƙarya. Oga yana son uwarsa, kuma tafiyarta ba ƙaramin abu ba ne a wurinsa. Matsalar ita ce duk abin da yake so sai ya bi da shi ta cikin kwamfuta. Ya roƙe ta ta ƙara haƙuri, sabon samfurin manhajar na nan tafe, an ce ba abin da ba ya yi. Saura kwana goma wata ya ƙare sai ga shi ya fito. Oga ya kulle kansa a ofis kwana uku yana karanta bayanin sababbin abubuwan da aka ƙara, yana fitowa jefi-jefi ya sanar da mu ɗaya, mu ce kai, duniya ta ci gaba.

Ranar Asabar da hantsi ya tara mu a falonsa. Ga Inna a kujera da mafici, ga matarsa a bakin ƙofa, ga kafinta da ya zo da motar ɗaukar katakonsa ya ajiye a waje, wai ko da za a buƙata. Oga ya yi kamar bai ga motar ba. Ya jona kwamfuta da talabijin, ya sa babbar riga a cikin wannan zafin, ya yi gyaran murya.

"Inna, ki shaida, yau za ki ga abin da ilimi ke yi. Wannan samfurin ya san shekarun mai ɗaki. Ya san irin zanen da kike ɗaurawa. Ya san iska, ya san ƙura, ya san ginin maƙwabci, har tsirrai an koya masa, da lokacin da suke zubar da ganye. Babban abin kuma, yanzu yana ba da shawara da kansa. Zai gwada hanya dubu goma cikin minti biyar ya zaɓo wadda ta fi. Abin da ya zaɓa, ko nawa ne, ko daga wace ƙasa ake kawo shi, na yi miki alkawari a gaban kowa zan yi."

Ya danna. Wata 'yar da'ira ta yi ta juyawa a allo. Inna na fifita, mu kuma mun sa fuskar masana. Sai sakamako ya fito da manyan haruffa, kafinta ma da ke can baya ya iya karantawa. Shawara ta farko: bishiya mai faɗin ganye, tsawon mita goma sha ɗaya, a yammacin ɗakin, mita huɗu daga bango. Za ta rage digiri uku.

Da wani mutum ne, da nan zai sunkuyar da kai. Oganmu ba wani mutum ba ne. Ya ce a miƙo masa tef ɗin awo, muka ɗunguma waje cikin rana, ya sa ni na riƙe bakin tef a jikin bango, ya ja da baya yana ƙirgawa. A mita huɗu dunduniyarsa ta bugi kututture, saura kaɗan ya zauna a kai. Ya duba tef, ya duba kututture, ya ɗago.

"Kun ga daidaito? Ko santimita ɗaya ba ta kuskure ba."

Allah na tuba, hannuwanmu sun riga sun tafa sau ɗaya kafin mu lura Inna na kallonmu.

Nan take ya tura aka sayo ɗan tsiron mangwaro a baƙar leda, ganye shida, ya dasa da hannunsa kusa da kututturen, ƙasa duk ta ɓata masa babbar riga. Aka koma falo, domin akwai sauran abin nunawa: sabon samfurin na da wani ɗan maɓalli da ake ja, bishiya ta riƙa girma a allo shekara bayan shekara. Ya ja, shekara ta ɗaya ɗaki ja wur. Ta biyar, ja. Ta goma, ya fara ruwan ɗorawa. Hannunsa ya rage sauri. Sai a shekara ta goma sha huɗu ɗakin ya koma kore.

Inna ta tambaye shi shekarunta nawa ya rubuta a cikin abin. Ya ce saba'in da takwas, da murya can ƙasa. Ta gyaɗa kai, ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Allah ya yi maka albarka, Injiniya. In ta yi inuwa ka aiko a faɗa mini."

Kafinta ya shiga ya fito da akwatinta da kujerarta. Oga da kansa ya ɗauko mata mafici da ta manta, ya miƙa ta tagar mota, kafinta ya ja mota suka tafi. Mu huɗu muka zare jiki ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi wa wani sallama.

Ranar Litinin ya buɗe fayil ɗin a ofis, domin shi mutum ne mai son lissafi ya dace da zahiri. A inda aka rubuta adadin mazauna ya goge ɗaya ya sa sifili. Nan da nan allo ya yi kore shar. Zafi ya sauka da rabin digiri tunda babu jikin da ke ɗumama ɗakin, wutar lantarki ba a sha ko kaɗan, masu ƙorafi babu ko ɗaya. Manhaja ta ba ginin maki ɗari bisa ɗari. Tun da aka buɗe ofishin nan ba mu taɓa samun ɗari ba sai a wannan ɗakin. Yana nan a kulle, makullin na aljihun Oga, kuma kullum da safe sai ya zuba wa tsiron ruwa ya auna shi kafin ya fito aiki. A awon makon jiya, ya kusa kai masa gwiwa.